Rabon Adireshi a Cikin Kanel: Nasiha ga Matasan Birnin Kudu da Gwaram

Mafi yawan wayoyin da ke hannun matasa a Birnin Kudu da Gwaram, daga Tecno da itel da Infinix har zuwa Samsung, da Android suke aiki, shi kuwa Android an ɗora shi ne a kan kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Kanel shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji, shi ke raba musu lokaci da wuri, kuma shi kaɗai ke da iznin taɓa kowane sashe na na'urar kai tsaye. A cikinsa akwai ƙananan shirye-shirye da ake kira direbobi, kowanne da na'urar da ya iya magana da ita, kuma a cikinsu da wuya a sami wanda aka ɗora wa nauyi kamar direban ma'ajiya, wato wanda ke kai bayanai ya komo da su tsakanin RAM, inda na'ura ke riƙe abin da take aiki a kansa a yanzu, da wurin ajiya na dindindin, ko faifan kwamfuta ne, ko SSD, ko filashi, ko ɗan katin nan da ake kira memori. Hoton ɗaurin aure, da karatun malami da aka tura a shagon masu turi, da amsoshin jarrabawar JAMB wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yin ta, da duk wani bayanin majinyaci da aka shigar a kwamfuta a asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, dukkansu ta hannun direba irin wannan suke bi.

Galibin matasan da suka shiga harkar kwamfuta a wannan yanki suna tsayawa ne a sama-sama, a tsara shafin intanet, ko zanen katin gayyata, ko yi wa waya filashin, kuma babu mai raina waɗannan sana'o'i domin ana cin abinci da su. Amma ya kamata a cikin kowane aji a sami mutum biyu ko uku da za su nutsa ƙasa su ga yadda ake raba adireshi a cikin kanel, domin ilimi ne da masu shi ba su da yawa a ko'ina a duniya, ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma yana horar da mai shi a kan wata ɗabi'a da ta fi ƙwarewar rubuta shiri muhimmanci, wato sanin cewa kowane adireshi yana da mai shi, yana da iyaka, yana kuma da wa'adi.

RAM dogon jeri ne na gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bayit ɗaya, gwargwadon harafi guda na rubutun boko mara ƙugiya, kuma kowanne yana da lambarsa. Wannan lamba ita ce adireshin asali. Sai dai manhajojin da mutum ke buɗewa ba sa ganin adireshin asali ko kaɗan, abin da ake ba su shi ne adireshin laƙabi, lambar da kanel ya ƙirƙira musu, wadda wani sashe na furosesa mai suna MMU ke fassarawa zuwa ta asali duk lokacin da aka yi amfani da ita. Ba bayit-bayit ake wannan fassara ba, ana yin ta ne shafi-shafi, shafi kuwa a yawancin na'urori bayit 4,096 ne, ta yadda wayar da ke da RAM na gigabayit 2 tana da shafuka 524,288 da kanel zai riƙa lura da su. Dabarar ta tsufa, domin kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila, wadda aka ƙaddamar a 1962, ita ta fara aiki da ita. Amfaninta shi ne kowace manhaja tana ganin kamar ita kaɗai ce a cikin na'urar, tana ganin wurinta a jere yake sumul, alhali a zahiri shafukanta a warwatse suke, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, wani ma an kwashe shi an ajiye a faifai domin a samar wa wata manhajar wuri.

A nan ne aikin direban ma'ajiya ya bambanta da na sauran masu rubuta shiri. Da a ce furosesa ne zai riƙa kwasar bayanai daga faifai bayit bayan bayit, da bai sami sukunin yin wani aiki ba, saboda haka aka ba na'urorin ajiya damar rubutawa da karantawa a RAM da kansu, abin da ake kira DMA, wato jigila kai tsaye. Direba yana gaya wa na'ura inda za ta zuba kaya da yawansu, ya koma wani aiki, ita kuma idan ta gama ta sanar da shi. Amma na'urar ba ta bi ta MMU, ba ta san adireshin laƙabi ba, kuma a kwamfutoci da dama ko adireshin asalin ma ba yadda furosesa ke ganinsa take ganinsa ba. Tana da nata lissafin, wanda za a iya kira adireshin jigila. Gurbi ɗaya ke nan da lambobi uku, kuma kuskuren farko da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne ya ɗauki adireshin laƙabi ya miƙa wa na'ura, ko ya fassara shi da hannunsa zuwa na asali yana zaton ya gama. Abin takaicin shi ne a kwamfutarsa wannan yana iya yin aiki lafiya lau, sai an kai shirin wata na'ura sannan asiri ya tonu. Linux ya tanadi hanyoyi na musamman, irin su dma_map_single da dma_alloc_coherent, waɗanda ke ba da adireshin da na'ura za ta gane, kuma ɗalibi ya saba wa kansa tun daga ranar farko cewa babu lambar da za ta isa ga na'ura sai wadda ta fito ta wannan ƙofa.

Wani abin da ke ba sabon ɗalibi mamaki shi ne ba kowace na'ura ke iya kaiwa ko'ina a RAM ba, domin nisan da take iya kaiwa ya dogara ne da yawan layukan adireshin da aka yi mata. Kwamfutar IBM PC/AT ta 1984 tana da layuka 24, waɗanda ke iya ƙirga gurabe 16,777,216, wato megabayit 16, kuma saboda na'urorin wancan zamani har yau Linux a kan kwamfutocin Intel da AMD yana ware megabayit 16 na farko a matsayin yanki na daban mai suna ZONE_DMA. Na'urori masu layuka 32 kuwa iyakarsu gigabayit 4, su ma an ware musu ZONE_DMA32. Kada a ɗauka wannan tarihi ne kawai, domin ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 da ta fito a 2019 tana da sassan da ba sa iya wuce gigabayit ɗaya na farko, ko da kuwa an saye ta da RAM mai ninkin haka. Idan bayanan da za a rubuta suna zaune a inda na'ura ba ta kaiwa, sai kanel ya kwafe su zuwa wani wurin ya da zango a ƙasa, na'ura ta ɗauka daga can, kuma a bisa al'ada megabayit 64 Linux ke warewa domin wannan. Aiki yana tafiya, amma kowane bayit an ɗauke shi sau biyu. Direban da ya manta bai bayyana wa kanel iyakar na'urarsa ba, ko dai ya jawo wannan wahala ba gaira ba dalili, ko kuma, idan ya yi iƙirarin abin da na'urar ba ta iya ba, ta yanke saman lambar ta zuba kaya a gurbin wani.

Masu gyaran kwamfuta sun sha ganin wani reshe na wannan al'amari ba tare da sun san sunansa ba, a tsofaffin laftof na hannu da ake sa wa Windows mai bit 32, inda za a saka RAM na gigabayit 4 amma na'urar ta nuna uku da 'yan kai ne ke amfani. RAM ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne katin hoto da na'urar faifai da sauransu su ma ana magana da su ne ta adireshi, an yanka musu nasu kason daga cikin lambobi 4,294,967,296 da bit 32 ke iya ƙirgawa, sai wani ɓangare na RAM ya rasa lambar da za a kira shi da ita. A Linux ana iya ganin wannan rabo ƙuru-ƙuru a fayil ɗin /proc/iomem.

Shi kansa rabon shafukan, Linux yana yin sa ne da tsarin da ake kira na tagwaye, wanda Kenneth Knowlton ya bayyana a rubuce a 1965. Ana ajiye shafukan da ba kowa a kai a dunƙule-dunƙule na 1, 2, 4, 8, har zuwa 1,024, wato megabayit 4 a yawancin kwamfutoci. Wanda ya nemi shafi uku a jere huɗu za a ba shi, idan kuma babu dunƙulen huɗu sai a raba na takwas biyu, a ba shi rabi a ajiye rabi, ranar da ya dawo da nasa, in ɗan'uwan yana nan ba a taɓa shi ba, a sake haɗe su su koma takwas. Ƙananan buƙatu da ba su kai shafi ba akwai wani tsarin a samansa, wanda ya samo asali daga aikin Jeff Bonwick na kamfanin Sun a 1994, mai yanka shafi zuwa gurabe masu girma ɗaya, ta yadda wanda ya nemi bayit 100 ta hanyar kmalloc zai sami gurbin 128. Matsalar da ke biyo baya ita ce daddatsewa. Na'urar da ta kwana biyu a kunne tana iya kasancewa da ɗaruruwan megabayit a sake amma babu dunƙule ko ɗaya mai shafi 256 a jere, kuma ɗalibin da ya buɗe /proc/buddyinfo da safe bayan kunna kwamfuta, ya sake buɗewa da yamma bayan an wuni ana aiki, zai ga da idonsa yadda lambobin hannun dama, na manyan dunƙule, suke zaizayewa. Akwai vmalloc mai harhaɗa warwatsattun shafuka ya ba su adireshin laƙabi a jere, amma jerin na furosesa ne kawai, na'urar ajiya ba ta ganinsa.

Maganin da aka samo shi ne a daina neman babban wuri a jere, a koya wa na'ura karanta jerin adireshi. Idan za a ɗauko megabayit ɗaya na bidiyo, shafuka 256 ke nan, direba yana rubuta takardar jigila mai cewa kashi na farko a zuba a nan, na biyu a can, har ƙarshe, na'ura ta bi jerin tana sauke kaya. Shi kuwa umarnin da direba ke aika wa na'ura, a layi yake jira, kuma tsarin AHCI na faifan SATA yana da layi ɗaya mai ɗaukar umarni 32 a lokaci guda, shi kuwa NVMe, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 2011, ya yarda da layuka sama da dubu sittin da biyar, kowanne da umarni kusan haka. Su ma layukan nan a RAM suke zaune, direba ne ke nema musu wuri.

Babban abin da ya sa direban ma'ajiya ya fita daban, wanda kuma ya cancanci ɗalibi ya daɗe yana juya shi a ransa, shi ne lokacin da aka fi buƙatarsa shi ne lokacin da wuri ya ƙare. Idan RAM ya cika, hanyar da kanel ke bi ya sami sarari ita ce ya rubuta wasu shafuka zuwa faifai sannan ya sake su. Rubutawar kuwa sai ta hannun direban ma'ajiya, shi kuma direban, kafin ya aika umarni ɗaya, yana buƙatar ɗan wuri da zai rubuta umarnin da takardar jigilarsa. Idan ya nemi wurin ta hanyar da kowa ke nema, da alamar GFP_KERNEL, wadda ke ba kanel iznin ya dakatar da mai nema ya je ya samo wuri ta kowace hanya, sai kanel ya ce bari ya rubuta wasu shafuka zuwa faifai, ya juyo wurin direban nan da ke tsaye yana jiransa. Direba na jiran kanel, kanel na jiran direba, an yi cirko-cirko, na'ura ta sandare ba tare da ta nuna wani saƙon kuskure ba. Mai noman rani a fadamun Birnin Kudu ya san irin wannan a injin ban-ruwa, wanda ba ya jan ruwa sai an fara ɗura masa ruwa a cikinsa, shi ya sa manomin da ya san aikinsa ba ya barin jarkarsa ta ƙare ƙaf, domin da ɗan abin da ke cikinta ne ake tayar da na rijiya.

Matakin farko na kauce wa wannan shi ne alamar GFP_NOIO, wadda ke gaya wa kanel cewa yana iya neman wuri amma kada ya tayar da wani sabon rubutu zuwa faifai saboda wannan buƙata. Hakan yana hana zagayen, sai dai bai tabbatar da cewa za a samu ba. Mataki na biyu shi ne tanadi, abin da ake kira mempool, inda direba tun lokacin da aka ɗora shi, sa'ad da wuri ke a yalwace, yake ware wasu 'yan gurabe ya ajiye ba ya taɓa su sai neman yau da kullum ya ci tura. Hikimar da ke ciki ita ce ba sai tanadin ya yi yawa ba. Ko gurbi ɗaya ne, muddin umarnin da ya ɗauke shi zai kammala ya dawo da shi, na biyu zai samu, na uku ma haka, aiki zai yi ta tafiya ko da da jan ƙafa ne har sarari ya samu. Sharaɗin shi ne kammaluwar umarnin kada ta dogara da sake neman wani wuri daga wannan tanadin, domin direban da ke buƙatar gurbi biyu kafin ya gama umarni ɗaya, idan umarni biyu suka ɗauki ɗaya-ɗaya suka tsaya jiran na biyu, an koma gidan jiya. Tsarin blk-mq da Jens Axboe ya jagoranta, wanda ya shiga Linux 3.13 a 2014, ya ɗauki wannan tunani ya kai shi ƙarshe, inda ake ware gurabun dukkan umarnin da layi zai iya ɗauka tun farko, kowanne da lambarsa, ta yadda a tsakiyar aiki lamba kawai ake ɗauka a mayar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan fanni maganar ƙa'idar aiki ce da ake duba ta layi-layi kafin a karɓi shirin mutum.

Haka kuma akwai wuraren da direba ba shi da iznin jira ko na ƙiftawar ido, kamar lokacin da na'ura ta katse furosesa domin ta sanar da shi ta gama. A nan GFP_ATOMIC ake amfani da shi, wanda ke bayarwa nan take ko ya hana nan take, kuma duk wanda ya nema da shi wajibi ne ya rubuta abin da zai yi idan an hana shi. Layukan da ke kula da gazawa su ne aka fi yin sakaci da su, domin ba a cika bi ta kansu a gwaji ba, kuma su ne ke rarrabe ƙwararre da ɗan koyo.

Bayan samun wuri sai maganar mallaka. Daga lokacin da direba ya miƙa wa na'ura wani wuri, wurin ya fita daga hannunsa har sai ta dawo da shi, bai halatta ya karanta ba, bai halatta ya rubuta ba, balle ya mayar wa kanel a ba wani. Dalili shi ne furosesa yana da ɗan ma'ajinsa na kusa, mai suna kash, inda yake riƙe kwafin abin da ya taɓa kwanan nan, kuma a na'urori da yawa masu furosesan ARM, irin na cikin wayoyi, na'urar ajiya ba ta san abin da ke cikin wannan ma'aji ba, sai ya zama ita ta zuba sabo a RAM shi kuwa yana karanta tsoho. Mafi muni shi ne direban da ya gaji da jiran umarni ya saki wurin alhali na'urar ba ta tsaya ba. Kanel zai ba wata manhaja wurin, can bayan daƙiƙa biyu faifai ya farka ya zuba kayansa a kan bayanan mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Babu ƙara, babu saƙo, sai bayan wata guda a buɗe fayil a tarar ya lalace, kuma an riga an kwafe lalataccen zuwa ma'ajiyar ko-ta-kwana. A wurin masu wannan sana'a na'urar da ta faɗi nan take ta fi wadda ta ci gaba da aiki tana ɓarna a ɓoye sauƙi nesa ba kusa ba.

Girman abin da adireshi ɗaya ke iya jawowa ya bayyana ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da direban tsaro na kamfanin CrowdStrike, wanda ke aiki a cikin kanel ɗin Windows, ya nemi karanta bayani na 21 a jerin da 20 kawai aka ba shi, ya taka wurin da ba nasa ba. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka faɗi, aka soke tashin dubban jirage, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Tun a 2001 wani bincike na Jami'ar Stanford ya nuna cewa kurakurai a direbobin Linux sun ninka na sauran kanel sau uku zuwa bakwai. Ɗaya daga cikin hanyoyin kariya daga kuskuren direba shi ne IOMMU, mai tsaron ƙofa tsakanin na'urori da RAM, wanda ke hana na'ura taɓa duk wurin da ba a yi mata rajistarsa ba, kuma irin waɗannan kurakurai suna cikin dalilan da suka sa Linux ya fara karɓar harshen Rust a sigarsa ta 6.1 a Disambar 2022, harshen da ke bin diddigin mallakar wuri tun kafin shiri ya fara aiki.

Adireshi yana da wani gefen kuma, na cikin ma'ajiyar kanta, inda ake ƙirga wuri da tubali mai bayit 512 ko 4,096, kuma a nan ne matasan yankin suka fi cin karo da matsalar da idonsu. Memorin jabu, wanda aka rubuta wa gigabayit 64 a jiki alhali abin da ke cikinsa bai wuce 8 ba, an sauya ɗan bayanin da yake gabatar da kansa da shi ne, direba kuma ya gaskata shi domin ba shi da hanyar musantawa. Ana tura fina-finai suna shiga, sunayensu suna bayyana a jeri, amma da zarar an wuce iyakar gaskiya sai katin ya watsar da abin da aka ba shi ko ya zagayo ya rubuta a kan na farko, mai waya ya koma gida ya tarar rabin kayan ba sa buɗewa. Manhajojin H2testw da F3 suna kama wannan ta hanya mai sauƙi, su cika katin da bayanan da kowane tubali ke ɗauke da shaidar adireshinsa, sannan su karanto su ga ko kowanne ya dawo daga inda aka ajiye shi. Mai shagon waya a Birnin Kudu, ko mai kasa kaya ranar kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, da zai gwada kati ɗaya daga kowane kwalin da ya saro kafin ya sayar, da ya huta da rigima da abokan ciniki. Haka nan ɗauke wuta da zare filashi ba sallama suna ɓarna ne saboda Linux yakan bar sabon rubutu a RAM har kimanin daƙiƙa 30 kafin ya tura shi faifai, don haka abin da allo ya nuna an ajiye mai yiwuwa bai bar RAM ba tukuna.

Hanyar koyon duk wannan a buɗe take ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure, har ma da wanda ya gama Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu yana zaman jiran sakamako. Tsohuwar laftof mai RAM na gigabayit 4 ta isa. Sai ya fara da harshen C har ya daina jin tsoron manuni, wato gurbin da ke riƙe adireshin wani gurbi, sannan ya ɗauko xv6, ƙaramar babbar manhajar da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka ta rubuta domin koyarwa tun 2006, wadda mai raba shafukanta bai kai layi ɗari ba, direban faifanta kuma ana iya karance shi a zama ɗaya. Darasin babbar manhaja da aka haddace daga takardar malami domin cin jarrabawa ba ya zama a kai, amma wanda ya cire layi ɗaya daga kalloc.c ya ga yadda komai ya rushe ba zai manta ba. Kada ya yi gwaji a kan kwamfutar da ke ɗauke da aikinsa na makaranta. Manhajar QEMU tana ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, kuma tana da wata na'urar koyo mai suna edu wadda da gangan aka taƙaita jigilarta zuwa bit 28, domin ɗalibin da ya manta bayyana iyaka ya ga sakamakon sakacinsa ba tare da ya yi asarar komai ba. Littafin Linux Device Drivers, bugu na uku na 2005, wanda Jonathan Corbet da Alessandro Rubini da Greg Kroah-Hartman suka rubuta, kyauta ne a intanet, kuma ko da yake sunayen wasu hanyoyin sun sauya, tunanin da ke cikinsa bai tsufa ba. Duk waɗannan sau ɗaya ake sauke su, a ci gaba da aiki ba tare da data ba, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Idan ya fara rubuta nasa direban, ya kunna masu sa ido da kanel ya tanada, KASAN mai kama taɓa wurin da ba naka ba, kmemleak mai gano wurin da aka karɓa aka manta ba a mayar ba, da DMA_API_DEBUG mai lura da miƙawa da karɓowa tsakanin direba da na'ura, sannan ya yi amfani da failslab ya sa kanel ya riƙa hana shi wuri da gangan domin ya ga ko layukan gazawarsa suna aiki. Ranar da ya ga gyaran da ya cancanci a aika, akwai checkpatch.pl mai duba tsarin rubutu da get_maintainer.pl mai nuna wanda ke kula da wannan sashe, kuma tun 2004 kowane gyara sai mai shi ya sa hannu a ƙasansa cewa yana da haƙƙin bayar da shi. Masu kula da kanel suna da tsanani a kan gaskiya, domin a Afrilun 2021 sun dakatar da karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota gaba ɗayanta, suka koma suka sake bincikar abin da mutanenta suka taɓa aikowa, bayan da wasu masu bincike a can suka aika gyare-gyare masu ɓoyayyen aibi domin su gwada ko za a kama. Gyaran farko na sabon shiga yawanci ƙarami ne, kamar ƙara layi uku da ke duba ko dma_map_single ya yi nasara kafin a miƙa adireshin ga na'ura, kuma ba abin mamaki ba ne a dawo masa da shi sau biyu ko uku da tambayoyi kafin a karɓa.